Sunan Zamani a Waƙar Buɗe Ƙofa

Idan ka shiga unguwar Sauka Kahuta a Minna kana neman shagon Zamani, kada ka wahalar da bakinka da tambaya. Ɗaga kai kawai. Allon shagon ya fi shagon girma, har maƙwabta na shanya kaya a inuwarsa. An rubuta INJINIYA ZAMANI da jan fenti, a ƙasa kuma an ƙara da cewa yana gyaran komai. Injiniyancin nan bai wuce wata rediyon kawunsa da ya kwance tun muna yara a ƙauye ba, wadda har yau ba ta sake magana ba. Makaranta kuwa, shi da ita sun rabu ne a ajin tsakiya na sakandare, ba tare da ɗayansu ya yi kewar ɗaya ba.

Ya sauka Minna a 1999 daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna, da buhun leda ɗaya da takalmin aro. Ya fara da kwafar kaset a bakin titi. Kaset ya mutu, ya koma faifan sidi. Sidi ya fara shure-shure, ya sayi wata tsohuwar kwamfuta mai tari kamar tsohon mashayin taba, ya koma tura wa mutane waƙoƙi a memorin waya. A nan Allah ya buɗa masa. Ya auri Felicia, suka haifi Purity, ya gina ɗaki biyu da falo a Dutsen Kura.

Abu biyu ne suka riƙe rayuwar Zamani, kuma ba sa ga maciji da juna. Na farko son suna. Sunansa na jikin bokitin wanka, yana jikin janareta, yana jikin murfin tukunya, har cokalin da yake cin tuwo ya sa an ƙwarzana masa Z. Na biyu rowa. Ba irin rowar da kuka sani ba. Zamani mutum ne da idan ƙuda ya faɗa masa a shayi, sai ya matse ƙudan kafin ya yar. Idan baƙo ya yi sallama yana cin abinci, taunarsa takan tsaya cak, ya yi ta amsa gaisuwa ta hanci har baƙon ya gaji ya tafi. Halitta ɗaya ce tak ke cin abin Zamani da yardarsa, wato taurensa, wani ƙaton baƙin taure da ya raɗa wa suna Ciyaman. Ciyaman na cin dusa da ɓawon doya da gishiri, ana yi masa wanka da sabulu. Kowace shekara Zamani kan ce zai sayar da shi idan kasuwa ta yi kyau, kowace shekara kuma kasuwa ba ta kai darajar Ciyaman ba.

To mu mutanen ƙauyen nan muna da wata al'ada da muka taho da ita har Minna. Ranar Kirsimeti, da an tashi daga sujada, mata 'yan zumuntar coci da matasa sukan ɗauki tulun kiɗa da caki su bi gida-gida suna wata tsohuwar waƙa da muke kira Buɗe Ƙofa. Mai ba da waƙa takan ce an haifi Ɗa a Baitalami, masauki ya cika, sai ta tambaya, "Gidan wa muka tsaya?" Masu amshi su kira sunan maigidan, su ce wane mai alheri, murhunsa ba ya sanyi. Wanda duk aka kira sunansa, dole ya buɗe ya ciyar da duk wanda ke tsaye a ƙofar, ko ya san shi ko bai san shi ba. Idan kuwa aka tarar da ƙofa a rufe alhali mai gida na ciki, akwai baiti na biyu, baitin kunya. A ƙauye akwai wani gida da aka yi wa baitin nan tun kafin a haifi iyayenmu, har yau jikokin gidan na shan wuya wajen neman aure.

Zamani ya daɗe da samo maganin wannan. Da sassafe ranar Kirsimeti yakan shelanta cewa zai tafi Paiko, wani gari kusa da Minna, gaida wani abokinsa mara lafiya. Abokin nan ya shekara goma sha wani abu yana jinya, ba ya warkewa, ba ya mutuwa, ba wanda ya taɓa ganinsa. Zamani yakan datse ƙofar gida da ƙaton kwado ta waje, ya zagaya baya, ya shige ta tagar ɗakin kwana wadda ya cire wa ƙarfe ɗaya musamman don wannan aiki. Felicia da Purity su zauna tsit kamar masu zaman makoki, a ci shinkafa ba a bari cokali ya taɓa kwano. Masu waƙa su zo su ga kwado, su taɓe baki su wuce. Kowa ya san yana ciki. Amma tunda ba a kama shi ba, kuma Felicia mutuniyar kirki ce, ana ɗaga masa ƙafa.

Sai dai abin na cin sa. Yana kwance a ɗaki zai ji sun tsaya gidan Caleb, maƙwabcinsa, malamin firamare da ko keke ba shi da shi. Zai ji murya sama da hamsin na cewa Caleb mai alheri, murhunsa ba ya sanyi.

"Caleb!" yakan ce da raɗa. "Wane ne Caleb a garin nan? Mutumin da ke zuwa cajin waya shagona?"

"Shi ya buɗe ƙofarsa, Baban Purity," in ji Felicia, ita ma da raɗa.

"Ke kuma wa ya tambaye ki?"

Ana nan sai shekarar 2013 ta zo. Dorothy, 'yar ƙanwar babansa da ke aikin jinya a Ingila, ta buɗe zaure a Fesbuk don 'yan ƙauyenmu da suka watsu a duniya. Ta rubuta cewa tsofaffi na ƙarewa, 'ya'yanta ba su san ko baiti ɗaya na waƙoƙin Kirsimetinmu ba, don haka tana neman masu sa kai a haɗu a ɗauki waƙoƙin a ajiye. Ba biya, ba lada sai ta Allah. Tsarin mai sauƙi ne. Za a ɗauki muryar Kaka Rifkatu, tsohuwar da ta fi kowa sanin waƙoƙin, wadda ke zaune wajen ɗanta a nan Dutsen Kura. A tura wa kowa. Kowa ya sa abin ji a kunne, ya yi amshi a wayarsa a inda yake, ya turo. Saura a sami mai kwamfuta a Minna da zai haɗa muryoyin wuri ɗaya.

Da Zamani ya ga kalmar "ba biya", har ya ɗaga yatsa zai wuce. Sai idonsa ya faɗa kan layin ƙarshe, inda Dorothy ta ce za a ajiye aikin nan har jikokin jikoki su ji. Kwamfuta na tari, shi yana tunani. Can ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa shi Injiniya Zamani ya sadaukar da kansa da na'urorinsa domin tarihi. Mutane suka yi ta sa masa albarka. Wani daga Fatakwal ya ce ashe ana yi wa Broda Zamani ƙazafi ne. Caleb kaɗai ya rubuta, "Hmm."

Ranar ɗaukar Kaka Rifkatu, Zamani ya je da wayarsa da wata makirfo da ya ɗaure da salatif. Tsohuwar na zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Da yake jika ne a wajenta, ba ta kiransa sai da miji.

"A'a, mijina marowaci! Yau hanya ta ɓace maka? Me ka kawo wa amaryarka?"

"Kaka, na kawo miki duniya. Muryarki za ta je London."

"London ake ci? Ko goro ba ka riƙo ba."

"Na manta shi a shago."

"Tun ranar aurenka kake manta shi a shago."

Ta share bakinta, ta gyara zama, ta ba da waƙa. Muryar ta tsufa amma ba ta karkace ba, har matan gidan suka bar wanke-wanke suka tsaya. Ta yi ta mala'iku, ta yi ta makiyaya, ta zo kan Buɗe Ƙofa. Ta ce, "Gidan wa muka tsaya?" ta bar gurbin amshi fayau, ta ci gaba. Da ya ce ta yi baitin kunya ma, tunda Dorothy ta roƙa, sai ta harare shi.

"Wannan ba a yin sa don wasa. Sai an tsaya gaban rufaffiyar ƙofa, mai gida na ciki yana numfashi. Ka samo min irin wannan ƙofar, in yi maka." Ta dube shi sama da ƙasa. "Ko ka san wata?"

Zamani ya ce batirin wayarsa ya kusa ƙarewa.

Muryoyi suka fara shigowa ta imel. Jama'a, an sha kallo. Na Legas ya yi nasa a cikin motar haya, ana jin yaron mota na kiran fasinja a tsakiyar haihuwar Yesu. Na Fatakwal ya yi nasa ruwa na dukan kwano, kamar ana soya shi. Wata a Jos ta ja waƙar a hankali har ka ce gawa ake rakawa, wani ɗalibi a Zariya ya yi gudu ya gama tun Kaka ba ta kai Baitalami ba. 'Ya'yan Dorothy sun yi nasu da Hausar da ta sha sanyi ta ƙanƙance. Duk da haka, in ka ji su sai ranka ya motsa, domin mutane ne da ba su ga juna ba shekara da shekaru, kowa a ɗakinsa shi kaɗai yana amsa wa tsohuwa ɗaya. Zamani dai ba wannan ya dame shi ba. Abin da ya dame shi gurbin nan ne. Kowa ya cika shi da abin da ya ga dama. Wani ya ce "wane", wani ya sa sunan babansa, na Legas ya sa sunan budurwarsa.

Sai ya shiga zaure ya yi bayani irin na masana. Ya ce a ilimin injiniyanci, muryoyi ba sa haɗuwa sai kowa ya kira suna ɗaya, in ba haka ba kwamfuta na iya kamawa da wuta. Ya ce ya gwada sunaye da dama a na'ura, duk ta ƙi karɓa, sai ɗaya. Ba don son kai ba, Allah ya sani, sunan da na'ura ta karɓa nasa ne.

Yawancin 'yan zauren a birni suka girma, launin waƙar kawai suka sani, ba su san abin da ke bin bayanta ba. Suka ce ba komai, ai ya cancanta. Dorothy kuwa a ƙauye ta yi ƙuruciyarta. Ta rubuta, "Broda Zamani, ka tabbata?"

"Na tabbata ɗari bisa ɗari. Tarihi ne, kuma idan an gama ba mai taɓa shi."

"To Allah ya ƙara buɗi," in ji ta.

Kowa ya sake amshi ya turo. Zamani ya kwana biyu bai buɗe wa kwastoma ba, yana yanka yana liƙawa. Ya rage ruwan Fatakwal, ya kori yaron motar Legas, ya ja ɗalibin Zariya baya, ya tura ta Jos gaba. A nan kam, a faɗi gaskiya, ya yi aiki. Sai dai da aka zo wajen sunan, ya ƙara ƙarfin sauti har sifika na rawa, ya kuma maimaita wurin sau uku, abin da ba a taɓa yi wa ko dagacin ƙauye ba. Ya ɗora tasa muryar a sama, mai kama da ta Ciyaman idan ya ga dusa.

Ya kai wa Kaka Rifkatu ta ji. Ta kara wayar a kunne. Ta ji kanta ta tambaya gidan wa muka tsaya, ta ji Legas da London da Jos sun amsa gaba ɗaya: Zamani mai alheri, Zamani mai alheri, Zamani mai alheri, murhunsa ba ya sanyi. Tsohuwa ta fashe da dariya har ta ƙware, sai da aka kawo mata ruwa.

"Mijina, ka san abin da ka yi kuwa? Duk wanda ya kira sunan nan a ƙofarka, sai ka ciyar da shi."

Zamani ya yi murmushin wanda ya fi kowa wayo. "Kaka, wannan intanet ne. Intanet ba shi da ƙofa. Na London zai hau jirgi ya zo cin shinkafa Dutsen Kura? Ai zamani ya canza."

"Oho," in ji ta, ta koma kan gyaɗarta.

Da a ce ya bar waƙar a zaure, da wataƙila ya sha. Amma ina! Mutumin da ya rubuta sunansa a bokiti zai bar waƙa irin wannan a Fesbuk, inda sai mai data zai ji? Duk wanda ya kawo memori shagonsa a watan nan, ko waƙar Indiya ya zo nema, ko wa'azi, ko kiɗan Nufawa, sai ya koma gida da Buɗe Ƙofa a ciki. Kyauta. Wannan ce kyauta ta farko da aka taɓa shaida daga hannun Zamani. Ya sa ta a lasifikar shago daga safe har yamma. Waƙar kuwa ga daɗi. 'Yan kabu-kabu suka ɗauka, masu shayi suka ɗauka, aka yi ta tura ta waya zuwa waya. Shekwolo, wani manomin doya Bagwari da ke zuwa daga Paiko, ya kai ta can ta cika kasuwa. Yisa tela, Banufe Musulmi da ke jikin gidan Zamani, ya mai da ita ƙarar kiran wayarsa. In Zamani na tafiya a titi, yara na bin sa da "mai alheri", shi kuma yana ɗaga hannu kamar ɗan takara.

Ana saura kwana kaɗan Kirsimeti, Dorothy ta yi sabon rubutu. Ta gode wa kowa, ta bayyana wa 'yan birni yadda al'adar take tun asali, sannan ta ce tunda Broda Zamani ya ba da sunansa da zuciya ɗaya, duk wanda ke kusa da Minna ya hallara ƙofarsa bayan sujada. 'Yan zauren da ke Abuja suka ce sun riga sun yi shatar bas. Caleb ya rubuta, "Amin," ya kuma ɗauki nauyin sanar da unguwa, aikin da ya yi da himmar da bai taɓa yi wa ɗalibansa ba.

Zamani ya karanta, gumi ya keto masa. Ya goge waƙar daga kwamfuta, kamar hakan zai goge ta daga Paiko. Ya rubuta a zaure cewa abokinsa mara lafiya ya shiga wani hali. Shekwolo, wanda ɗansa ya karanta masa, ya aiko a tambaya wane ne mara lafiyan, domin shi ya san kowa a Paiko, zai kai masa doya.

Ranar Kirsimeti ya yi abin da ya saba. Ya datse kwado, ya zagaya, ya shige ta taga. Wannan karon har da Ciyaman ya tura ciki, ya kulle shi a banɗaki da tulin dusa don ya yi shiru. Buhun shinkafar da ya saya tun da araha yana ƙarƙashin gado.

Rana na tsaka suka iso. Tun daga nesa ya ji tulu na gurnani, caki na amsawa. Ya leƙa ta ramin labule. Ga mata 'yan zumunta da ɗaurin zane iri ɗaya. Ga 'yan Abuja da tabarau. Ga Shekwolo da iyalinsa da iyalin maƙwabcinsa, kowa da kwanonsa. Ga 'yan kabu-kabu sun jera babura har bakin kwalbati. Ga waɗanda ba su san ma me ake yi ba, sun ga taro sun biyo. A gaba an ajiye wa Kaka Rifkatu kujerar roba. Ta ba da waƙa, ta tambaya gidan wa muka tsaya, masu baki suka amsa da baki, marasa haddar waƙa suka ɗaga wayoyi suka kunna. Kowace waya da inda ta kai, sunan Zamani na tashi ta ko'ina kamar kwaɗi bayan ruwan sama. Abin da ya yi shekaru yana mafarki ke nan, ga shi ya zo masa har gida, shi kuwa yana durƙushe bayan labule yana riƙe da numfashi.

Aka gama. Ƙofa ba ta motsa ba.

"Ya tafi Paiko," in ji wani.

"Ni daga Paiko na zo," in ji Shekwolo. "Ban gan shi a hanya ba."

A daidai nan Ciyaman ya gama dusarsa. Ya saki wani kuka daga banɗaki wanda ya ratsa kwanon rufi. Purity ta kasa daurewa ta tuntsire da dariya, Zamani ya daka mata tsawa da muryar da duk Minna ta haddace.

Kaka Rifkatu ta gyara ɗaurin kallabinta.

"To," ta ce. "Ga rufaffiyar ƙofa, ga mai gida yana numfashi. A matso min da tulu."

Caleb ya riga ya kira Dorothy, ya sa ta a sifika. Muryarta ta fito tun daga Ingila tana rawa don murna. "Kaka za ta yi baitin kunya? Don Allah kowa ya ɗauka! Shi kaɗai ne ba mu da shi a zaure!"

Wayoyi suka tashi sama kamar an shuka su. Zamani ya gani. Duk garin nan ba wanda ya kai shi sanin cewa abin da ya shiga memori ba ya fita. Shi ne fa ya koya wa Minna tura waƙa. Gobe war haka baitin zai kai Paiko, jibi London, kuma jikokin jikokin da aka yi wa alkawari za su ji shi da sunansa a ciki.

Kaka ta fara, a hankali, tana jan kowace kalma. "Mun buga, mun buga, akuya ce ta amsa."

Jama'a suka amsa, "Akuya ce ta amsa!"

"Baban Purity," in ji Felicia, wannan karon ba da raɗa ba. "Suna yana layi na uku. Ni dai ba zan shiga kasuwa ana nuna ni ba. Kuma yarinyar nan wata rana aure za ta yi."

"Maman Purity, kin ga yawansu? Buhun nan ba zai ishe su ba. Sai an haɗa da nama."

"Ga nama can yana kuka a banɗaki."

"Ciyaman? Ki ji tsoron Allah!"

"Mai gida na ƙarƙashin gado," in ji Kaka daga waje, "da cinyar kaza a baki."

"Da cinyar kaza a baki!"

Kaka ta ja numfashi. "Wane ne wannan? Ku faɗa min sunansa."

"Ina nan!" Zamani ya kurma ihu. "Ina nan! Ban tafi ba! Barci ne ya ɗauke ni!"

"Da kwado ta waje, Injiniya?" in ji Caleb.

Mai hankali zai miƙa mabuɗi ta taga a buɗe masa. Amma Zamani bai taɓa ba wani ɗan'adam mabuɗinsa ba, kuma ba ranar zai fara ba. Ya ruga ɗakin kwana don ya fita ta baya a asirce, ya zagayo kamar wanda ya dawo daga tafiya. Bai san 'yan kabu-kabu sun koma inuwar bayan gida ba. Ya zura kai, ya zura kafaɗa, tumbi ya ce bai san zancen ba, domin ya riga ya ɗora shinkafar safe a kai. Ya maƙale, rabi a waje da singileti, rabi a ciki Felicia na turawa. 'Yan kabu-kabu suka kama hannuwansa suna "Sannu Oga, a hankali Oga," suka zare shi kamar ana zare doya daga kunya. Jama'a suka zagayo baya, wayoyin da aka ɗaga don baitin kunya ba su yi asarar batiri ba.

Ya zagayo gaba yana kakkaɓe jiki, ya buɗe kwado. Kaka Rifkatu ta dube shi ta ce, "Barka da dawowa daga Paiko, mijina. Ya mai jiki?"

Yisa tela aka kira ya yi yanka, kamar yadda ake yi a unguwar don Musulmi ma su ci. Ya zo da wuƙarsa a wasa, abin da ya sa Zamani zargin cewa tun jiya ya san da maganar. Da aka fito da Ciyaman, Zamani ya juya baya yana duban bango. Felicia kuwa, matar da ta shekara da shekaru tana auna shinkafa da murfin kwalba, ta jawo buhun nan ta farke shi da wuƙa. Mata suka haɗa murhu uku a tsakar gida. Aka ci, aka ƙara, Shekwolo ya ce bai taɓa cin nama mai ƙanshin sabulu irin wannan ba. Al'ada ta ce mai gida shi ke rabawa, shi ke ci a ƙarshe. Da aka zo kansa, abin da ya rage romo ne da ƙashin wuya. Ya zauna a bakin ƙofa yana tsotsa da cokalinsa mai Z, jama'a na sake rera masa mai alheri, ba ka iya gane ko murmushi yake ko kuka.

Baitin kunya dai bai ƙarasa layi na uku ba. Har yau a zauren Dorothy layi biyu ne kawai, ba suna. Wannan Zamani ya tsira da shi, kuma duk wanda ya zauna a shagonsa sai ya ji yadda ya ciyar da rabin Minna da gangan, don raya al'ada. Hoton taga ne ba ya so a ambata, ko da yake shi ma ya kai London.

Da shekara ta juyo, ya shiga zaure da shawara. Ya ce adalci shi ne a sake ɗaukar waƙar da sunan wani, misali Caleb, tunda yanzu an gyara na'ura tana karɓar kowane suna. Dorothy ta nemo tsohon rubutunsa ta liƙa masa a ƙasa, inda ya ce tarihi ne, idan an gama ba mai taɓa shi. 'Yan Abuja suka ce bana bas biyu za su yi.

Ya kira mai walda ya mayar da ƙarfen taga. Kwadon ya koma ƙofar ɗakin awaki. Ya je kasuwar Paiko, karon farko da ƙafarsa ta taka garin da gaske, ya sayo wani ɗan taure ramamme. Yana ba shi dusa, amma ba ya yi masa wanka, ba ya kuma tsayawa hira da shi. Purity ta tambaye shi wane suna za a sa masa.

"Ba shi da suna," in ji Zamani. "Kada wanda ya kuskura ya sa masa suna a gidan nan."